Yanzu Ke Ce Yaya

'Yata, labari ya iso mini cewa Mama mai kula da gidanku ta damƙa miki ɗakin ƙananan 'yan mata, ta kuma ce ke za ki riƙa tsayawa a kan rabon abinci. Na yi murna, na yi miki addu'a. Shekarunki goma sha shida, ga shi an wayi gari yaran da jiya kuke rububin ƙanzo tare sun koma ce miki Yaya. Wasu za su faɗa da gaske, wasu da gatse. Duka ki amsa.

Babu rawani a wannan muƙami, babu albashi. A tsakiya aka ajiye ki, yara na ƙasanki, manya na samanki. Abin da 'yar shekara biyar ba za ta iya faɗa wa Mama ba, ke za ta faɗa wa, ko ta nuna miki shi ba da baki ba. Abin da Mama ba za ta gani ba don tana ofis tana fama da lissafin kuɗin makaranta da buhunan masara, ke za ki gani, tunda ɗaki ɗaya kuke kwana. Ki gani, ki kai inda ya kamata. Kusan duk abin da zan faɗa miki a kan wannan ya tsaya.

Ki sake karanta sura ta 2 ta Littafin Fitowa a natse. Masu wa'azi sun fi son maganar jinjirin da ke cikin kwando, don shi ne ya zama Musa. Ni yarinyar da ke tsaye daga nesa nake so ki duba, yayarsa. Ba ta gudu gida ba, ba ta kuma faɗa kogi don ta nuna jarumta ba. Ta zuba ido har 'yar Fir'auna ta buɗe kwandon, sannan ta matso, ita 'yar bayi, ta yi wa 'yar sarki magana. Ki lura kuma da abin da ta nema. Ba ta ce a ba ta yaron ta raina ba. Ta san wanda ya fi ta iyawa, ta je ta kirawo uwarsa.

To mu sauko kan ludayi, don a nan yara za su fara auna ki. Idan aka sauke tukunyar kunu da safe, na sama tsinkakke ne, kaurin yana ƙasa. Ki riƙa juyawa kina zubawa, kada na farkon layi su sha ruwa, na ƙarshe su kwashe gari. Ranar gwate ma haka. Ranar nama kuwa, wato Lahadi ko ranar da baƙi suka zo, kowane ido yana kan hannunki, kuma yara suna ƙirga tsoka. Ke ma kin ƙirga a zamaninki, kin san wace Yaya ce take nutsa cokali ƙasa idan kwanon ƙawarta ya iso. Ki fara da ƙanana, ki zaunar da su kusa da ke, don su a hankali suke ci, manya kuma hannunsu da sauri. Naki kwanon ki zuba shi a ƙarshe, a gaban kowa, daidai da na kowa. Na ce daidai. Kada ki rage naki don a ce kina da halin kirki, jikinki yana kan girma, kuma mai jin yunwa ba ta daɗewa da haƙuri.

Wata rana za ki ɗaga katifa ki tarar da guntun tuwo a ƙulle cikin leda, ya fara tsami. Kada ki kira yarinyar ɓarauniya. Wadda ta taɓa kwana biyu a daji ko a sansanin 'yan gudun hijira ba ta ci komai ba, cikinta bai yarda cewa gobe ma za a dafa ba, ko da kanta ya yarda. Ki cire wanda ya lalace saboda ɓeraye ba tare da kin tara mata jama'a ba, ki sanar da Mama. Takan daina da kanta idan ta ga wata ya bi wata kwanonta bai taɓa zuwa wayam ba.

Dare ya fi rana wuya. A sanyin Filato, daga Disamba zuwa Janairu, fitsarin kwance yakan ƙaru, kuma a ɗaki irin naku ba a rasa mai yi. A da, kuma har yau a wasu gidaje, akan ɗora wa yaro tabarmarsa a ka, a tara yara su bi shi suna tafi suna kiransa amalala, wai kunya za ta sa ya bari. Ban taɓa ganin wanda wannan ya warkar ba. Tsoro yake ƙarawa, tsoro kuwa yana cikin abubuwan da ke kawo shi tun farko. Kafin ki kwanta ki tashe ta, ki haska mata tocila zuwa bayan gida, don sau da yawa duhun hanyar ne take tsoro. A shimfiɗa leda a kan katifa. In ta yi, ki tashe ta da asuba kafin sauran su farka, ku wanke zanen tare, a shanya katifar a bayan ɗaki. Idan kuma yarinyar da ta daɗe da dainawa ta koma yi kwatsam, ko tana kuka in za ta yi fitsari, wannan ba naki ba ne, na nas ne, kuma ranar nan za a kai ta. Haka zazzaɓin dare. Kada ki ɓallo magani daga jakar kowa ki ba yarinya. Ki je ki buga ƙofar Mama ko ƙarfe nawa ne. Za ta fito da fuska a murtuke, ki bar ta, da safe za ta gode miki.

Kin san daga inda yawancinku kuka fito. Akwai waɗanda suna ƙanana aka gudo da su daga Gwoza da Madagali da Michika a 2014. Akwai 'yan Riyom da Barikin Ladi da Mangu da Kudancin Kaduna. Akwai waɗanda harin jajibirin Kirsimetin 2023 a Bokkos ya raba da iyayensu. Shi ya sa lokacin da yaran unguwa ke murna suna fasa nokawut, a ɗakinku za ki ga wata ta shige ƙarƙashin gado tana rawar jiki, wata ta ƙame a tsaye kamar ba ta jin kira. Kada ki jawo ta da ƙarfi. Kada ki ce mata ta manta, kada kuma ki ce rashin bangaskiya ne, don ba shi ba ne. Ki zauna a ƙasa kusa da ita, ki kira sunanta, ki faɗa mata inda take da abin da ke ƙara. In ta ba ki hannu ki riƙe. Waƙar da ta saba ji a sujada, a rera ta ƙasa-ƙasa, takan yi abin da dogon bayani bai yi ba. Labarin abin da ta gani kuwa kada ki tone shi. In ta kawo da kanta ki saurara, in ba ta kawo ba ki ƙyale.

Akwai wata hira da akan yi bayan an kashe fitila, hirar "su". Su ne suka ƙone mana gida, duk halinsu ɗaya, in na girma sai na rama. Ba na so ki toshe bakin yarinyar da aka kashe ubanta a gabanta da wa'azin gafara. Gafara ba a tilasta ta, kuma ba ke za ki sa mata rana ba. Amma kada ki bari ɗakinki ya zama inda manya ke koya wa ƙanana ƙin wata ƙabila ko wani addini ɗungurungum. Idan hirar ta kai nan, ki ba su labarin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi. A watan Yunin 2018, da maharan suka zo, ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da cikin gidansa, ya tsaya a waje ya ƙi miƙa su. A ƙasarmu aka yi wannan, ba a littafi ba, kuma waɗanda ya ɓoye suna nan da ransu.

Sai maganar bulala. Za ki ji hannunki yana ƙaiƙayi, musamman ranar da kika gaji, kika ce a yi shara sau uku ba wanda ya motsa. Siniyoyin makarantar kwana sun ɓata mana tunani, har yaro ya ɗauka girma shi ne a sa wani tsallen kwaɗo ko a aika shi wankin yunifom. Kada wata ƙaramar yarinya ta wanke miki kaya ko ta ɗebo miki ruwan wanka. Hukunci na manya ne, ke kuma naki ki raba faɗa, ki tsawata, in ya ƙi ki kai gaba. Kowa a gidanku ya haddace labarin Yesu da ya wanke ƙafafun almajiransa, ana ma yin wasan kwaikwayonsa lokacin Ista. To a hunturu ƙafafun yaran nan suna yin kaushi da faso har su yi jini. Ruwan ɗumi, dutsen goge ƙafa, basilin, ranar Asabar da yamma. A nan ne kuma za ki ga makero a kan wannan, ƙazwa a tsakanin yatsun waccan, kwarkwata a kitson da ya kwana biyu, tun kafin su zagaye ɗaki.

Sa'o'inki sun fi ƙananan wahalar sha'ani. Ƙawarki ta ƙut-da-ƙut ita za ta fara gwada ki, ta ƙi fitowa addu'ar safe ta ga ko za ki yi magana. Ki yi, amma ku biyu, ba a gaban yara ba. Za a ce kin canza, kin fara ji da kai, kin zama 'yar rahoton Mama. Zai yi zafi. Mako biyu ko uku za ki ga ana yin shiru in kin shigo. Yakan wuce, in dai sun ga doka ɗaya ce ga kowa, har da ke.

Mutanenmu na cewa babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa zai zubar. Gaskiya ne, kuma yawancin abin da za a zubo miki na haɗiyewa ne: wance ta sa silifas ɗina, wance ta zage ni, wance ta ce ƙauyenmu babu wuta. Irin wannan a kashe shi a ɗaki, kada Mama ta ji. Yayar da ke kai kowace ƙaramar magana ofis, ba a daɗewa yara su daina gaya mata komai, ranar da babbar magana ta zo kuma ba za ta ji ba.

Amma akwai abin da ba a binnewa, kuma a nan nake so ki buɗe kunne sosai. Idan wani namiji, ko ma'aikaci ne, ko direba, ko mai gadi, ko baƙo mai kawo taimako, ko malamin makarantar Lahadi, ko ma wanda ke hawa bagade ya yi wa'azi, ya fara kiran yarinya ita kaɗai, yana ba ta kuɗi ko waya ko biskit yana cewa kada ta faɗa wa kowa, wannan magana ba ta kwana. Haka in babban yaro ne a cikin gidan, haka in mace ce. Yarinya za ta zo ta ce, "Yaya, zan faɗa miki wani abu, amma ki rantse ba za ki faɗa ba." Kada ki yi wannan alkawari. Ki ce mata za ki saurara, kuma in abin mai cutarwa ne za ku je wurin wanda zai taimaka, tare. In ta faɗa, ki yarda da ita, ki ce ba laifinta ba ne. Kada ki tsare ta da tambayoyi, kada ki je ki tunkari mutumin da kanki. Ki kai wa Mama a ranar. In Mama ta yi shiru, ko abin ya shafi na kusa da ita, ki kai wa matar Fasto ko shugabar Zumuntar Mata, in nan ma aka yi nauyin baki, akwai jami'an walwala na Ma'aikatar Mata, waɗanda duba irin gidajenku aikinsu ne. Ƙasar nan tana da Dokar Kare Haƙƙin Yara tun 2003, kuma a wurinta duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, har da ke.

Za a samu mai ce miki a rufa asiri, kada a ɓata sunan gida, kada masu taimako su janye, kada a jawo wa sunan Ubangiji zagi. Na ji wannan magana daga bakin mutanen da nake girmamawa, kuma ban yarda da ita ba. Gidan don yaran aka gina shi. Esta ma marainiya ce, ɗan ɗan'uwan ubanta ya raine ta, kuma da ran mutanenta ya shiga haɗari ta shiga wurin sarki ba a kira ta ba.

Baƙi kuwa, ku karɓe su da fara'a. Suna zuwa da buhun shinkafa da katan-katan na taliya da sabulu, yawancinsu da zuciya ɗaya, kuma da wannan ake ci. Za a jera ku a yi waƙa, a ɗauki hoto. Babu laifi. Sai dai in kika ga an tsayar da yarinya gaban waya ana cewa ta faɗi yadda aka kashe babanta, ki matsa kusa da Mama ki raɗa mata. Shinkafa ba ta kai wannan kuɗin ba. Kayan da aka kawo kuma, in an ba ki rabonsu, ki samu littafi ɗaya ki riƙa rubutawa: rana, abu, wadda aka ba. Ba don ana zarginki ba, don ranar da za a zarge ki. Audugar mata ta kasance cikin lissafin, kada ta yanke, kuma 'yan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu ki zaunar da su ki yi musu bayani tun abin bai zo ba, kada wata ta gani ta ɗauka ciwo ne ta ɓoye.

Kada kuma ki manta cewa da yawa daga cikin yaran nan suna da nasu dangin. Wata uwarta na nan, talauci ne ko takaba ta kawo ta. Wata kakarta na ƙauye, wata kawunta. A gida Hausa kuke yi, a makaranta Turanci, sai ki ga yarinya ta shekara uku a gidan ta fara jin kunyar Berom ɗinta ko Mwaghavul ko Margi. Ki hana a yi mata dariya. A addu'ar dare ki ce yau wance za ta yi da yarensu, ko ba wanda zai gane sai Allah. Ranar da za ta koma neman danginta ko gonar ubanta, da wannan harshen za a karɓe ta.

Irin gidanku ba yau aka fara ba. A 1909 mishan ɗin SUM, wanda ikilisiyar COCIN ta fito daga cikinsa, ya buɗe gidan rainon yaran da aka 'yanto daga bauta a Rumasha, a gaɓar Binuwai, aka sa masa sunan Lucy, matar Karl Kumm. Can kudu kuma akwai Mary Slessor, wadda ta sauka Kalaba a 1876 ta rasu a 1915, wadda kowane ɗan firamare ya san ta da ceton tagwaye. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ɗaya daga cikin jariran da ta ceta, Janie, ita ce ta girma ta zama hannun damanta wajen rainon sauran, ta kuma kula da ita da tsufa ya zo. An sa hoton Slessor a takardar kuɗi a Sikotlan. Janie kuwa sai mai bincike ne zai ci karo da sunanta. Ina faɗa miki wannan ne don ki san aikin da kika karɓa yana da daraja, kuma yana iya cinye mutum ba a lura ba.

Yarinya mai hankali da ba ta ƙorafi, kowa sai ya ƙara mata kaya. Yau ɗaki, gobe kicin, jibi goyon jinjirin da aka kawo, har a wayi gari ta zama ma'aikaciyar da ba a biya, sa'o'inta sun tafi jami'a ita tana nan ana yabonta. Ba mugunta ke kawo haka ba, ƙarancin hannu ne, amma sakamakon ɗaya ne. Surukin Musa, Yetro, da ya ga Musa zaune daga safe har yamma yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai, ya faɗa masa gaskiya cewa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da mutane, ya raba aikin. Ki zaɓi yara biyu ko uku 'yan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu, ki ba wannan duba takalma da yunifom, waccan jagorar waƙa, ki riƙa ba ɗaya ludayin ranar Laraba kina kallo. Za su yi ba daidai ba da farko, ki daure kada ki karɓe. Ki je wurin Mama da ladabi ki roƙi lokacin karatu da ba za a kira ki ba sai in wuta ce ta tashi. WAEC da NECO ba sa tambayar yara nawa kika yi wa wanka. Ke ma ki samu babbar da za ki riƙa yi wa kuka, don abin da ya kawo ki gidan bai gushe ba saboda an ce miki Yaya. Ki buga ƙwallo in ana bugawa, ki yi kitson da kike so.

Abu ɗaya da za ki yi a wannan makon: ki tambayi Mama ina takardunki. Da yawa daga cikinku nasu sun ƙone tare da gida, wasu ba a taɓa yi musu ba. Takardar haihuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, kuma tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN. Ki duba sunanki da ranar haihuwarki su zama iri ɗaya a kowace takarda, har da rubutun haruffa, don gyara daga baya yana cin kuɗi da watanni. In kin gama da naki, ki ɗauki littafin nan naki, ki buɗe sabon shafi, ki rubuta sunayen yaran ɗakinki, wa ke da takarda, wa ba ta da ita, ki kai wa Mama tun ba su kai ajin jarrabawa ba.